Kwabo ko Ƙwazo? Tarihin Gardamar Ƙarin Lokaci a Ƙwallon Amurka

GABATARWA

Idan aka ce ƙwallon ƙafa a nan ƙasar, babba da yaro kowa ya san abin da ake nufi. A Amurka kuwa wani wasa ne daban yake amsa wannan suna, wasan da ƙwallonsa yake da siffar ƙwai, wanda kuma hannu ya fi ƙafa aiki a cikinsa. Babbar gasarsa ta ƙwararru ita ce NFL, wadda aka kafa a 1920, tana kuma da ƙungiyoyi 32. Idan kakar wasa ta zo ƙarshe sai 14 daga cikinsu su shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale a watan Janairu, a yi ta zubar da juna har a kai ga wasan ƙarshe wanda ake kira Super Bowl.

Wannan maƙala za ta bi diddigin wata gardama ce wadda magoya bayan wasan suka shafe shekaru fiye da 60 suna tafkawa, watau idan lokaci ya ƙare an yi kunnen doki a wasan da tilas sai an fitar da gwani, ta wace hanya za a raba gardama ba tare da an cuci wani ba?

Kafin nan ya kamata mai karatu ya san yadda wasan yake. Tsawon fili yadi 100 ne, da gida a kowane ƙarshe. Kowace ƙungiya tana da mutum 11 a fili, amma ba tare suke riƙe ƙwallo ba. Ɗaya tana kai hari, ɗaya tana tsaro. Mai kai hari tana da yunƙuri huɗu ta ci yadi 10. In ta ci, a sabunta mata huɗun, in ta kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya. Wanda ya shiga gidan abokan hamayya da ƙwallo a hannu ya sami maki 6, wannan za mu kira shi shiga gida. Bayan shi akwai ƙari: bugu mai sauƙi na maki 1, ko kuwa sake yunƙurin shiga na maki 2. Wanda ya ga shiga ta gagara yana iya buga ƙwallo ta tsakanin sanduna biyu ya sami maki 3, wannan shi ne bugun sanda. Ɗan wasan da yake karɓar ƙwallo a kowane yunƙuri ya jefa wa 'yan'uwansa, shi za mu kira madugu. Abin lura shi ne, muddin 'yan tsaro ne a fili, madugunsu yana zaune a benci, ba abin da zai iya yi sai kallo.

ASALIN ABIN

Shi kansa zagayen sili-ɗaya-ƙwale kunnen doki ne ya haife shi. A da, ƙungiyar da ta fi yawan kashi na nasara ita ce zakara, ba a kuma lissafa wasannin da aka yi canjaras. A 1932 sai Chicago Bears ta gama da nasara 6, faɗuwa 1, canjaras 6, Portsmouth Spartans kuma da nasara 6, faɗuwa 1, canjaras 4. Green Bay Packers wadda ta ci wasa 10 ta zo bayansu, don an doke ta sau 3. Aka shirya wasan raba gardama ran 18 ga Disamba, dusar ƙanƙara ta sa aka mai da shi cikin wani babban ɗaki a Shikago, a kan filin da bai kai tsawon na ƙa'ida ba. Bears ta ci 9 da nema, amma ba a tashi lafiya ba. Dokar lokacin ta ce mai jefa ƙwallo gaba sai ya ja da baya yadi 5, 'yan Spartans kuwa suka kafe cewa Bronko Nagurski bai ja haka ba sa'ad da ya jefa wa Red Grange ƙwallon da aka shiga gida da shi. A 1933 aka soke wannan sharaɗi, aka kuma raba gasar rukuni biyu da wasan ƙarshe a tsakaninsu. Ke nan tun ranar farko an aza al'adar da za mu yi ta cin karo da ita: sai an yi rigima a babban wasa sa'an nan a gyara doka.

Tun cikin shekarun 1940 aka rubuta dokar ƙarin lokaci, aka ba ta suna mai ma'anar mutuwar fuju'a. Alƙalin wasa zai jefa kwabo sama, kyaftin ɗin baƙi ya faɗi fuska ko baya, wanda ya ci ƙuri'a ya zaɓi karɓar ƙwallo ko ya zaɓi gefen fili. Daga nan duk wanda ya fara samun maki, ko na bugun sanda ne, shi ke nan wasa ya ƙare.

Dokar ta daɗe a kwance cikin littafi kafin ranarta ta zo, ran 28 ga Disamba 1958, a filin Yankee na birnin Niyu Yok. Baltimore Colts ta farke da bugun sanda saura daƙiƙa 7 a tashi, aka tsaya 17 da 17. New York Giants ce ta ci ƙuri'ar kwabo, ta karɓi ƙwallo, ta kasa cin yadi 10, ta buga shi nesa. Sai madugun Colts, Johnny Unitas, ya ja mutanensa yadi 80 cikin yunƙuri 13, Alan Ameche ya faɗa gida, aka tashi 23 da 17. An ƙiyasta mutum miliyan 45 ne suka kalli wasan a talabijin, masu tarihi da yawa kuma suna ganin daga ranar ce ƙwallon ƙwararru ya kama hanyar zama wasan da Amurkawa suka fi so. Ba wanda ya yi ƙorafi a kan kwabo a ranar, domin wanda ya ci ƙuri'ar shi ne ya sha kaye. Abin da aka yi musu a kansa shi ne kasadar Unitas, wanda ya jefa ƙwallo sama a bakin gida alhali bugun sanda mai sauƙi ya isa ya gama komai.

Shekara huɗu bayan haka aka yi wani abin dariya a wasan ƙarshe na gasar AFL, kishiyar NFL a wancan zamani, tsakanin Dallas Texans da Houston Oilers. Iska tana kaɗawa da ƙarfi, sai kocin Texans, Hank Stram, ya ce wa kyaftin ɗinsa Abner Haynes in ya ci ƙuri'a ya zaɓi gefen da iska za ta taimake su. Haynes ya ci, amma da ya buɗe baki sai ya fara da cewa za su buga, sa'an nan ya ambaci gefe. Zaɓi ɗaya ake da shi, alƙali ya riƙe kalmar farko. Oilers ta sami ƙwallo, ta kuma sami iska. Duk da haka Texans ta ci 20 da 17 a zagaye na biyu na ƙarin lokaci. Mai karatu ya riƙe sunan wannan ƙungiya, domin a 1963 ta ƙaura zuwa birnin Kansas ta zama Chiefs, kuma kusan duk wani babban mataki na labarin nan da ita a ciki. Ita ce ma Miami Dolphins ta doke 27 da 24 ranar Kirsimetin 1971, bayan minti 82 da daƙiƙa 40, wasa mafi tsawo a tarihin NFL.

YADDA KWABO YA YI NAUYI

Mutuwar fuju'a ba baƙuwarmu ba ce. Da irin wannan doka ce Nwankwo Kanu ya kori Barazil a wasan Olamfik na 1996, 4 da 3, ana shiga ƙarin lokaci ba da daɗewa ba. Sai dai akwai bambanci mai girma. A ƙwallonmu kowa yana iya ƙwace ƙwallo a kowace daƙiƙa ya ruga da shi, gwanayen ɓangarorin biyu duk suna cikin fili. A na Amurka kuwa wanda ya fara karɓa yana iya riƙe shi har ya ci, gwanin ɗaya ɓangaren bai ko tashi daga benci ba.

To, me ya sa aka yi shekaru ba a damu ba? Amsa ita ce dokar tana nan yadda take, wasan ne ya sauya a ƙarƙashinta. A 1974, shekarar da aka shigar da ƙarin lokaci cikin wasannin kaka na yau da kullum, an mai da sanduna baya da yadi 10, bugun sanda ya ƙara wuya. Amma a hankali masu bugu suka ƙware, har abin da a da ake ganinsa kasada ya zama ruwan dare. A 1994 aka ja wurin bugun buɗe wasa baya daga yadi 35 zuwa 30, wanda ya sa mai karɓa yake farawa daga wuri mai kyau. Dokokin da suke kare madugu da masu cafe ƙwallo kuma suka yi ta ƙaruwa. Ƙididdigar da hukumar gasar ta fitar da kanta ta nuna daga 1974 zuwa 1993 wanda ya ci ƙuri'a da wanda ya rasa kusan daidai suke, kowa kashi 47 cikin ɗari. Daga 1994 zuwa 2009 kuwa mai cin ƙuri'a ya tashi zuwa kusan kashi 60.

Nan magoya baya suka rabu biyu. Masu riƙon gargajiya suka ce tsaro ai rabin wasa ne, wanda yake son ƙwallo ya tsai da abokin hamayya ya karɓa. Suna da misali a hannu: a Janairu 2004 madugun Seattle Seahawks, Matt Hasselbeck, ya ci ƙuri'a a garin Green Bay, ya cika baki a gaban lasifikar alƙali cewa za su karɓa kuma za su ci. Ba a jima ba ya jefa ƙwallo hannun Al Harris na Packers, wanda ya ruga da shi har gida. Masu neman gyara suka ce misali ɗaya ba ya rushe ƙididdiga, kuma abin da ake nema daga mai kai hari ya yi araha: ya ci yadi 35 ko 40 kawai, ya kira mai bugu.

Abin da suke faɗa shi ya faru ran 24 ga Janairu 2010, a wasan neman gurbin Super Bowl tsakanin New Orleans Saints da Minnesota Vikings. Saints ta ci ƙuri'a, ta matsa gaba da taimakon hukuncin laifi a kan 'yan tsaron Vikings, Garrett Hartley ya buga daga yadi 40, aka tashi 31 da 28. Brett Favre, ɗaya daga cikin shahararrun madugai, yana tsaye a gefe. Wata biyu bayan haka attajiran da suka mallaki ƙungiyoyi suka zauna, 28 suka yarda 4 suka ƙi, aka ce daga yanzu bugun sanda a harin farko ba zai rufe wasa ba, sai an ba ɗaya ƙungiyar damarta. In kuwa an shiga gida, wasa ya ƙare. Wani abin mamaki shi ne Vikings ɗin da aka yi gyaran dominta tana cikin huɗun da suka ƙi.

Gyaran rabi ne, kuma tun gwajin farko ya nuna haka. A Janairu 2012 alƙali ya daɗe yana bayyana sabuwar doka ga 'yan Denver Broncos da Pittsburgh Steelers. Aka fara, Tim Tebow ya jefa wa Demaryius Thomas, wannan ya ruga yadi 80, ƙarin lokaci ya ƙare cikin daƙiƙa 11. Bayanin dokar ya fi aiki da ita tsawo. A Fabrairu 2017 New England Patriots ta farfaɗo daga 28 da 3 a Super Bowl, ta ci ƙuri'a, ta shiga gida, ta doke Atlanta Falcons 34 da 28, Matt Ryan wanda aka zaɓa gwarzon shekara bai taɓa ƙwallo ba. Ran 20 ga Janairu 2019 Tom Brady ya maimaita wa Chiefs irin wannan a gidansu, 37 da 31, saurayin madugunsu Patrick Mahomes yana kallo. Gaskiya dai a wannan rana masu gargajiya ma sun sami abin kafa hujja, domin a ɗaya wasan Saints ta ci ƙuri'a amma aka cafke jifan Drew Brees, Los Angeles Rams ta yi nasara. Chiefs ta kai shawara a wannan shekara cewa a ba kowa dama ko da an shiga gida. Ba ta sami goyon baya ba, aka ajiye maganar.

DAƘIƘA 13

Ran 23 ga Janairu 2022 Buffalo Bills ta ziyarci Chiefs, aka yi wasan da mutane da yawa suke sa shi cikin mafi kyawun da aka taɓa yi. Cikin minti biyun ƙarshe kaɗai an ci maki 25. Josh Allen na Bills ya jefa wa Gabriel Davis ya shiga gida karo na huɗu, Bills ta hau gaba 36 da 33, saura daƙiƙa 13. Cikin waɗannan daƙiƙoƙi Mahomes ya yi jifa biyu, Harrison Butker ya buga daga yadi 49, aka yi kunnen doki. Aka jefa kwabo, Allen ya ce baya, kwabo ya nuna fuska. Chiefs ta karɓa, Travis Kelce ya cafe a gida, 42 da 36.

Washegari ƙasar ta ɗauka. Wasu suka ce laifin kocin Bills ne: me ya sa aka buga ƙwallo har cikin gida, inda agogo ba ya tafiya, maimakon a gangara shi ƙasa ya cinye daƙiƙoƙi? Me ya sa 'yan tsaro suka ja baya kamar masu tsoron shiga gida, alhali bugun sanda kawai Chiefs take nema? Waɗannan tambayoyi suna da nauyi, kuma a ganina ƙungiyar da ta kasa kare daƙiƙa 13 bai kamata ta ɗora wa kwabo dukan laifi ba. Amma wannan bai wanke dokar ba. Bayan minti 60 na irin wannan gudu 'yan tsaron ɓangarorin biyu sun galabaita, kowa ya san duk madugun da ya fara karɓa shi zai ci. Magoya bayan Chiefs da suka yi kuka a 2019 su ne yanzu suke cewa a koyi tsaro, waɗanda suka yi musu dariya a lokacin kuma su ne suke neman adalci. Laifi tudu ne.

Mako guda bayan haka Chiefs ta sake cin ƙuri'a a gaban Cincinnati Bengals, aka cafke jifan Mahomes, Bengals ta ci 27 da 24. Masu gargajiya suka yi murna, amma lissafi bai goyi bayansu ba. Cikin wasanni 12 na sili-ɗaya-ƙwale da suka kai ƙarin lokaci tun gyaran 2010, mai cin ƙuri'a ya yi nasara a 10, kuma 7 daga ciki a harin farko ne. A watan Maris 2022, bisa shawarar Indianapolis Colts da Philadelphia Eagles, masu ƙungiyoyi 29 suka yarda 3 suka ƙi: kowace ƙungiya sai ta riƙi ƙwallo ko da ta farko ta shiga gida, in har yanzu ana daidai, sa'an nan mutuwar fuju'a ta dawo.

GARDAMA TA SAKE GIDA

Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A tsohuwar doka mai cin ƙuri'a ba ya buƙatar tunani, karɓa zai yi. Sabuwar kuwa ta zo da tambayar da ba a taɓa yi ba: gara ka fara, ko gara ka biyo baya? Mai biyo baya ya san abin da yake nema. In an ci masa 3 ya san shiga gida za ta ba shi wasa, in an ci masa 7 ya san bugun sanda ba shi da amfani, don haka zai yi aiki da yunƙurinsa huɗu cur, ba kamar na farko ba wanda sau da yawa yakan sadaukar da na huɗu ya buga nesa. Shi ya sa a gasar jami'o'in Amurka, inda ake ba kowa dama tun 1996, kusan duk wanda ya ci ƙuri'a tsaro yake zaɓa. Amma mai farawa shi ma yana da nasa rabon, domin in aka yi daidai bayan hari biyu, hari na uku nasa ne, a lokacin kuwa maki 3 ya isa.

An gwada wannan lissafi a gaban duniya ran 11 ga Fabrairu 2024, a Super Bowl na birnin Las Vegas, tsakanin San Francisco 49ers da, har ila yau, Chiefs. Lokaci ya ƙare 19 da 19. 49ers ta ci ƙuri'a, kocinta Kyle Shanahan ya zaɓi karɓa. Suka kai kusa da gida, suka tsaya a bugun sanda, 22 da 19. Chiefs ta karɓa, tun tana cikin yankinta ta iske kanta a yunƙuri na huɗu saura yadi 1. Da ita ce ta fara, da wataƙila ta buga nesa. Yanzu ba ta da zaɓi, Mahomes ya ruga da kansa ya ci yadi 8, daga nan suka yi ta matsawa har Mecole Hardman ya cafe a gida, 25 da 22.

Shanahan ya ce hari na uku yake hange. 'Yan Chiefs suka amsa cewa ba za a taɓa kai wa na uku ba, domin sun riga sun tsara tun kafin ranar cewa in 49ers ta ci 7, su kuma suka shiga gida, ƙarin maki 2 za su nema, a yi ta ta ƙare nan take. Wannan amsa a ganina ita ce ta fi ƙarfi cikin dukan gardamar, domin ta nuna mai biyo baya ne yake riƙe da makullin hari na uku, in ya ga dama ya hana shi zuwa. Sai dai kada a manta 'yan tsaron 49ers sun fito daga dogon hari ke nan a ƙarshen lokaci, mai da su fili nan take shi ma kasada ce, kuma da 'yan harinsu sun ci yadin da ya rage suka shiga gida da labarin ya sha bamban. Abin da ba shi da uzuri shi ne, bayan wasa wasu 'yan 49ers, cikinsu har da Kyle Juszczyk da Arik Armstead, sun faɗa da bakinsu cewa ba su san dokar ta sauya ba. Armstead ya ce a allon filin wasa ya karanta ta.

A watan Afrilu 2025 aka faɗaɗa dokar ba kowa dama zuwa wasannin kaka na yau da kullum, amma da iyakar minti 10, in ba a rabu ba a tashi canjaras. A ƙarshen Satumbar wannan shekara Dallas Cowboys da Green Bay Packers suka kai ƙarin lokaci. Cowboys ta fara, ta yi bugun sanda. Packers ta karɓa, ta cinye sauran lokacin, ta yi nata bugun a daƙiƙar ƙarshe. Aka tashi 40 da 40, magoya bayan ɓangarorin biyu suka fita suna tambayar dalilin da ya sa aka taƙaita lokacin a minti 10.